Shekarar da Reza Ya Daina Taba

A shekarar da kuɗin sigari ya tashi, mai kemis ɗin bakin titi ya kwashe magungunan tari daga kantar da ke daidai ido, ya jera maganin daina taba. Akwai na taunawa kamar cingam, akwai filastar da ake mannawa a dantse, akwai ƙwaya. Da can kwali ɗaya sai ya yi wata da watanni yana shan ƙura. Yanzu kafin mako ya fita kantar ta yi fayau. Direbobi na saye, masu gadi na saye, har mata na zuwa su saya wa mazansu.

Shagon askin Reza na jikin kemis ɗin, bango ɗaya ya raba su. Saboda kaifin bakinsa aka laƙaba masa sunan. Ya fara busa sigari tun gemu bai fito masa ba. Wata rana shago ya cika, wani tsoho da yake yi wa aski ya kawar da kai, ya ce hannun Reza na wari kamar murhun da aka kashe da ruwa. Aka kwashe da dariya. Reza na iya yi wa kowa dariya, amma ba ya jure a yi masa. Ya ajiye injin askin, ya zaro kwalin sigari daga aljihu, ya murƙushe shi a gaban jama'a, ya rantse ya bar ta har abada. Ya shiga kemis, ya fito da filasta a dantse, ya naɗe hannun riga don a gani.

Daga ranar ya zama allon tallan mai kemis. Duk wanda ya tsaya yana jinjina tsadar maganin, sai mai kemis ya nuna bango da haɓa, ya ce a leƙa a ga Reza, mutumin da hayaƙi ke fita masa har ta kunne, ga shi nan tas. Mutane na leƙawa, Reza na ɗaga dantse.

Ya riƙe rantsuwar na wasu kwanaki. Kwanakin ba su da yawa.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa ke kiranta a gidan hayar da suke. Kekenta na baranda, bakin ƙofar ɗakinsu, inda iska ke ratsowa daga tsakar gida. Tana da asma tun tana yarinya, amma ciwon ya san iyakarsa. Abin shaƙar maganinta ɗaya kan kai ta watanni. Mijin a waje yake shan tabarsa, a shago ko a hanya, warin kawai yake kawo mata. Ranar da ya dawo da filasta ta yi murna har ta soya masa ƙwai.

Wata rana da tsaka ya dawo cin abinci, bai zauna ba. Ya cire riga ya rataye a igiyar shanya, ya shiga ɗaki da singileti, ya kira ta. Ya ce ta rufo ƙofa. Ya ja taga da kansa ya sa sakata, ya jiƙa tawul ya toshe ƙasan ƙofar. Sannan ya zaro kara ɗaya daga cikin safa.

Ta ce masa ƙirjinta. Ya ce filastar ba ta gama kama jikinsa ba, mai kemis ma ya ce abin a hankali yake tafiya.

"Kara ɗaya ne. Ki riƙe numfashi."

Ta riƙe har ta kasa. Ta nemi ta fita baranda ta jira shi, ya hana. Namijin da ya kulle kansa shi kaɗai da rana tsaka, in ji shi, sai an tambayi abin da yake yi. Namijin da ya kulle da matarsa kuwa ba mai tambaya.

Gaskiyarsa ce. Da suka fito, matar direba, maƙwabciyarsu da ke wanki kullum a gindin tagar, ta kalli idon Tela da ya yi ja, ta kalli Reza yana nufar banɗaki da bokiti, ta yi shewa. Ta ce ashe maganin nan har amarci yake dawowa da shi, bari ta matsa wa nata ya ƙara kwali. Tsakar gida ta ɗauka. Tela ta yi murmushi, ta koma kan keke, tari na cin ta.

Kara ɗaya bai daɗe yana ɗaya ba. Mutumin da ya saba sha duk lokacin da ya ga dama, yanzu yini yake a shago idon mutane a kansa, sai ya tara ƙishirwar ya kawo gida. Da safe kafin ya fita, da rana, da yamma in ya tashi. Yana kunna wani da wutar wani. Ita aikinta ta tsaya da jiƙaƙƙen tawul tana kaɗa hayaƙin ya kwanta, ta tattara guntayen ta ƙulle a ƙyallen ɗinki, ta fitar da su cikin shara kamar ragowar yadi. Shi kuma ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya goge baki, ya jefa cingam, ya manna sabuwar filasta, ya ɗauki rigarsa a igiya. Tufafinsa duk ya mayar da su ɗakin Inna, mahaifiyarsa, da ke jikin nasu. Yadukan masu kawo ɗinki ma can ya ce a riƙa ajiyewa. Abin da ya rage a ɗakin sai katifa, labule, akwatin Tela, da Tela.

Tagar ba a buɗe ta ko bayan ya fita. Matar direba na gindinta.

Abin shaƙar da ke kai ta watanni ya ƙare kafin wata ya ƙare. Ta fara kwana a zaune, bayanta a bango. Ƙirjinta na fito kamar ƙaramin usur. Reza ya ce ƙarar na hana shi barci, mutumin da ke fama da daina taba kuma barci yake buƙata.

Ta sami Inna a ɗakinta tana tsince shinkafa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗa mata komai, a hankali, tana hutawa tsakanin magana. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce ai bango ɗaya ne, hancinta bai toshe ba. Ta ce yaron nan ya yi rantsuwa a gaban maza, so take ya zama abin nuni a titi? Shagon nan da ya cika da mutane tun da ya daina, wa ke cin abin da ke fitowa daga ciki? Ta ce ita ta zauna da ubansa yana busa mata a fuska har ya mutu, ga ta nan tana tsintar shinkafa ba tabarau. Matan yanzu ne ƙirjinsu kamar takarda.

Tela ta ce, "Inna, ku ce masa ya sha a waje kawai. Ban ce ya bari ba."

Inna ta ce yana kan magani, kuma an ce mai shan maganin nan ba a ɓata masa rai. In ya koma sha a fili, kowa zai san wadda ta mayar da shi.

Washegari Tela ta tafi kemis. Tafiyar ba nisa, amma sai da ta tsaya a hanya ta dafa bango. Mai kemis ya tarbe ta da fara'a, ya kira ta uwargidan gwarzo. Ta nemi abin shaƙa. Ya duba ƙasan kantar, ya duba bayan kwalaye, ya ce ya ƙare, kuma bai sake yin oda ba, don ba ya tafiya. Shi ɗan kasuwa ne, abin da ke tafiya yake kawowa. Ya nuna mata kantar sama. Ya ce ya lura da yadda cinikin yake: farkon shekara a yi rububi, bayan wata biyu a ɓace, sai kuma fuskokin nan dai su dawo suna sosa ƙeya. Wanda ya faɗi ya tashi, shi ne mai saye na gaske. Mijinta ne kawai bai taɓa faɗuwa ba, amma bai fasa saye ba ko sau ɗaya. Irin wannan riƙon, in ji shi, ba kowane namiji ba.

Ya ce ita ma ai ƙirjinta ya huta yanzu.

Ta buɗe baki. Ta bangon ana jin ƙarar injin aski da muryar Reza yana ba wani saurayi shawara, ana dariya. Ta rufe bakin. Mai kemis ya miƙo mata maganin tari na kwalba, ya ce ta gwada babban kantin magani na can ƙarshen gari in abin ya matsa.

Reza ya ce zai biya ya sayo. Ranar farko ya manta. Ta biyu shago ya cika. Ta uku ya dawo da leda, ta miƙa hannu, sai ga sabuwar ƙwayar daina taba, wadda mai kemis ya ce ta fi filasta ƙarfi. Ya ce ita ce maganin matsalar daga tushe: in ya daina, me za ta yi da abin shaƙa? Ya haɗiyi ɗaya, ya ce ta jiƙo tawul.

Ɗinki ya fara fin ƙarfinta. Taka keke aiki ne na ƙafa, amma numfashi yake ci. Ta kan yi layi ɗaya ta kifa kai a kan keken. Masu kaya suka fara zuwa suna komawa. Wata ta karɓi yadinta a yanke ta kai wa wani tela. Matar direba ta ce ko dai ciki ne, irin wannan kulle-kullen ai ba ya tafiya a banza. Tela ba ta da iskar da za ta ɓata a kan amsa.

Ran da ta faɗi, rana ce mai zafi, Reza bai daɗe da komawa shago ba. Ta fito daga ɗakin, ta zauna a kan keke, ta sa ƙafa, ta zame ƙasa. Leɓenta ya yi baƙi. Direba na gida ranar, ya ruga ya tayar da mota. Inna ta ce a dakata. Ta ja Tela ɗakinta, ta tuɓe mata riga da zane, ta sa mata nata masu ƙamshin sabulu, ta ɗaura mata ɗankwali har goshi. Direba na ta danna hon. Inna ta ce ba za a kai surukarta gaban mutane da kayan aiki ba.

A asibiti aka sa mata robar iska a fuska, aka yi mata allura. Da numfashin ya ɗan dawo, likita ya zo. Mutum ne mai gajiya a ido, layin marasa lafiya na jiransa. Ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan. Inna ta ce babu. Direba ya ce da akwai, amma ya daina, duk unguwa shaida ce, shi kansa a wurinsa ya koyi dainawa. Reza, wanda ya iso da gashin mutane a rigarsa, ya naɗe hannu ya nuna filasta. Likita ya ce madalla.

Sannan ya sunkuya, ya ɗaga robar kaɗan daga bakinta.

"Ke nake tambaya. Akwai hayaƙi a inda kike kwana?"

Inna na riƙe da ƙafarta ta saman bargo. Reza na tsaye a bayan likita. Direba na bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran ta yabi mijinta.

"Ya daina," in ji Tela.

Likita ya mayar da robar. Ya tambayi sana'arta, aka faɗa masa. Ya ce to ga shi nan: burbushin yadi, ƙurar zare, ga zama a baranda iska na kwaso mata komai. Ya rubuta abin shaƙa da ƙwayoyi. Ya ce ta ajiye ɗinki tukuna, ta zauna a ɗaki ta huta, a kiyaye ta daga ƙura.

Aka bi maganar likita kamar ba a taɓa bin magana ba. Kafin a sallamo ta an ɗauke keken, an kai ɗakin Inna an lulluɓe. Wani kafinta da ke haya a gidan ya ji labari, tausayi ya kama shi, ya zo da roba da ƙusoshi ya bi gefen tagar ya toshe duk wata kafa da ƙura za ta bi. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce maƙwabtaka ta wuce haka.

Reza ya daure ranar da ta dawo. Washegari da rana ya rataye riga a igiya.

Yanzu ba ta iya kaɗa tawul, shi yake jiƙawa ya toshe ƙofa. Ya kan juya mata baya ya fuskanci bango, a ganinsa ya yi mata kara. Ta ce ya je banɗaki ya sha. Ya ce banɗakin gidan haya, da mutum na fita wani na shiga? Ta ce ya hau mota ya je inda ba a san shi ba. Ya ce mai aski ba shi da inda ba a san shi ba, duk kan da ya gani a gari ya taɓa riƙe shi.

"To ka bar ni in fita. In zauna a bakin ƙofa kawai."

"Likita ya ce ki zauna a ɗaki."

Sabon abin shaƙar ya yi aikinsa iya ƙarfinsa. Tana shaƙa yana busawa. Inna na kawo mata abinci ta ajiye, ta fita da sauri tana toshe hanci da gefen mayafi. In maƙwabta sun zo dubiya, a bakin ƙofa Inna ke tare su, ta ce tana barci, kuma an hana a riƙa buɗe ɗakin saboda ƙura. Suna barin lemo da gaisuwa su juya. Yayar Tela, wadda ke aure a wani gari, ta yi waya. Reza ya ɗauka ya ce da sauƙi sosai, kada ta wahalar da kanta da hanya.

Tela ta daina roƙo. Ta gano cewa iskar ƙasa ta fi ta sama, sai ta bar katifa ta koma kwanciya a siminti, kanta kusa da ƙofa. In ya tashi fita, sai ya tsallake ta.

Rannan ya dawo a fusace. Wani yaro ya motsa, reza ta yanke shi a kunne, uban ya zage shi a gaban mutane. Ya sha fiye da kullum. Yana sha yana ba ta labarin, yana faɗin abin da ya kamata ya mayar wa mutumin. Ta danna abin shaƙa, ta sake dannawa. Ta kama ƙafar wandonsa. Ya ce saura kaɗan, ta bari ya ƙarasa wannan. Da ya gama usur ɗin ƙirjinta ya yi shiru. Ya ce to, da ta kwantar da hankalinta ai ga shi ya lafa. Ya tsallake ta, ya ja ƙofa, ya yi wanka, ya ce wa Inna Tela ta samu barci kada a tashe ta.

Da yamma Inna ta shiga da kwano. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sosai, sai da ta tura.

An yi wa Tela sutura, an kai ta. Mutane sun cika gidan, don Reza mutum ne na jama'a. Mai kemis ya rufe kanti rabin yini ya zo. Kafinta ya yi kuka.

Yayar ta iso washegari. Ita da matar direba da wasu mata biyu suka shiga ɗakin su haɗa kayan mamaciya. Inna ta so ta hana, ta ce a bari a share tukuna, amma ba a hana 'yar'uwa kayan 'yar'uwarta. Tun daga bakin ƙofa warin taba ya tare su. Yayar ta buɗe akwatin, ta ɗago zane ta kai hanci, ta ajiye. Ta ɗago wani. Har ɗankwalayen da ke can ƙasa, waɗanda ba a taɓa ɗaurawa ba. Matar direba ta ja katifa za ta naɗe, sai ga ƙullin ƙyallaye jere a jikin bango, waɗanda Tela ba ta samu fitarwa ba tun da aka hana ta fita. Ta kwance ɗaya. Guntayen sigari suka zube a siminti.

Ba kayan namiji ko ɗaya a ɗakin. Ƙyallen nata ne, ƙullin irin nata ne. Reza kuwa kowa ya san ya daina.

Matar direba ta dafe ƙirji. Ta ce ita dai ta sha ganin idon nan ja, ta ɗauka wani abu ne. Ɗaya matar ta ce mai asma da taba, ai kashe kai ne. Yayar ta ce ƙarya ne, ƙanwarta ko hayaƙin girki gudunsa take tun suna yara. Ta juya ta kalli Inna, ta ce su da suke bango ɗaya, su faɗi gaskiya.

Inna ta sunkuyar da kai. Ta share ido da gefen mayafi.

"Ta riga ta tafi. Mu rufa mata asiri."

Asirin bai kai yamma ba. Kafin a watse zaman gaisuwa labari ya fita tsakar gida, ya kai titi. Aka gane dalilin kulle ƙofa da rana. Aka gane dalilin da bawan Allah ya kwashe tufafinsa daga ɗakin. Maza suka riƙa sake miƙa wa Reza hannu, wannan karon suna daɗewa da riƙewa. Direba ya ce mutum ya daina taba alhali ana busa ta a ɗakinsa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, wannan ba ƙaramin namiji ba ne. Mai kemis ya ce shi ya daɗe yana zargin mata ma na sha a ɓoye, sai dai kunya ke hana su zuwa saye, ya kamata ya nemo mai ƙaramin kwali da zai shiga jaka.

Yayar ta fito da akwatin a ka. Ta sauke a gaban tabarmar maza, abin da mace ba ta yi. Ta tsaya a kan Reza. Yana zaune cikin farar riga, hannun a naɗe, yana tauna cingam a hankali.

"Kai ne mijinta. Ka dube ni ka ce ƙanwata na shan taba."

Ya ɗago ya dube ta. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ruwan na gaske ne.

"Yaya, Allah ya gafarta mata," ya ce. "Ni dai na yi iya ƙoƙarina."